YARINYAR DA TA BUƊE BAKIN 'YAN MAKARANTA 450

Daga Wakilinmu na Arewa

Ranar Litinin 23 ga watan Afrilu, 1951, da hantsi, aka buga wa shugaban wata makarantar sakandare ta baƙar fata waya a garin Farmville, cikin jihar Bajiniya ta ƙasar Amurka. Mai maganar ya ce masa ya yi maza ya shigo cikin gari, ga waɗansu ɗalibansa can suna neman jawo wa kansu rigima. Shugaban makarantar, Mista M. Boyd Jones, ya fita a gaggauce. Ashe babu wata rigima a cikin gari, yaransa ne suka ƙulla dabarar don su raba shi da makarantar na ɗan lokaci.

Fitarsa ke da wuya sai ga 'yan takardu sun zaga azuzuwa, ana umurtar kowane malami ya kawo ajinsa babban zauren taro. A ƙarƙashin kowace takarda an sa haruffa biyu, B da J, kamar yadda shugaban ya saba sa hannu. Malamai ba su yi shakkar kome ba, suka tattaro yara sama da 450 suka cika zaure. Da aka yaye labulen dandamali, maimakon Mista Jones sai aka ga wata yarinya 'yar shekara 16 a tsaye, waɗansu 'yan uwanta ɗalibai suna zaune a bayanta. Sunanta Barbara Johns. Watau dai haruffan nan biyu nata ne ita ma.

Abin da yarinyar nan ta faɗa a wannan hantsi, da yadda ɗaruruwan yaran da suka saba yin gum suka miƙe suka bi ta, shi ne ya zama ɗaya daga cikin ƙararraki biyar da Kotun Ƙolin Amurka ta haɗa ta yanke hukunci a kansu a 1954, hukuncin da ya haramta raba makarantun gwamnati tsakanin farar fata da baƙar fata.

MAKARANTA KO AKURKIN KAJI?

Kafin mai karatu ya gane nauyin abin da Barbara ta yi, sai ya san halin da ake ciki a lokacin. Tun 1896 Kotun Ƙolin Amurka ta yarda cewa jihohi suna iya raba baƙar fata da farar fata a wuraren jama'a, muddin dai abin da aka tanadar wa kowane ɓangare daidai yake da na ɗayan. Rabawar kam an yi ta sosai a jihohin kudu, daga jirgin ƙasa har famfon shan ruwa. Daidaitawar ce aka bari a kan takarda.

Makarantar da muke magana, wadda aka sa wa sunan Robert Russa Moton, wani shahararren malami baƙar fata ɗan wannan yanki, an gina ta a 1939 domin yara 180. Zuwa 1951 yaran da ke cikinta sun haura 450. Ba ta da ɗakin cin abinci, ba ta da ɗakin wasannin motsa jiki, ba ta da ɗakin gwajin kimiyya na kirki. Da cunkoso ya yi yawa, hukumar ilmi ta gundumar Prince Edward, wadda duk 'ya'yanta Turawa ne, sai ta kafa rumfunan katako guda uku a filin makarantar, aka lulluɓe su da takarda mai kwalta, aka ce ga azuzuwa nan. Baƙin da ke wucewa a mota sukan ɗauka akurkin kaji ne. Kowace rumfa da murhun ƙarfe a ciki saboda sanyin hunturu, wanda ya zauna kusa da murhun ya yi ta gumi, wanda ke nesa ya ƙudundune cikin kwat yana rawar ɗari. In ana ruwa kuwa rufin yoyo yake yi, har yara kan buɗe laima a cikin aji. Wani darasin ma a cikin motar bas da aka ajiye ake yin sa. Su kansu motocin da ke ɗauko yaran daga ƙauyuka, kwancen makarantun Turawa ne, sai sun gaji da su sa'an nan a miƙo.

Ba wai iyaye sun naɗe hannu ba ne. Ƙungiyar iyaye da malamai, wadda Rabaran L. Francis Griffin na majami'ar First Baptist yake cikin jagororinta, ta yi ta safa da marwa zuwa zaman hukumar ilmi tana roƙon a gina sabuwar makaranta. Kullum amsar ɗaya ce, ana nan ana neman fili, a ƙara haƙuri. Iyayen kuma akwai iyakar inda za su iya ɗaga murya, domin da yawansu a hannun Turawa suke aiki, ko kuwa a hannun Turawa suke karɓar bashin noman taba. Malamai su ma hukumar nan ce ke biyansu albashi. Saboda haka babba ya yi shiru don yana da abin da zai rasa, yaro kuma ya yi shiru don ya ga babba ya yi shiru.

'YAR SHIRU-SHIRU

Abin da ya fi ba ni sha'awa a labarin nan shi ne irin yarinyar da ta fasa wannan shiru. Da a ce fitinanniya ce wadda kowa ya sani da tsiwa, da ba a yi mamaki ba, kuma watakila da ba a bi ta ba. Ƙanwarta Joan, wadda ta sha ba da labarin daga baya, ta ce Barbara mai shiru-shiru ce, mai son karatu, wadda takan ɗauki littafi ta shige cikin itatuwan bayan gida ta zauna ita kaɗai.

An haife ta a birnin Niu Yok ranar 6 ga Maris, 1935, amma a ƙauyen Darlington Heights ta tashi, kimanin mil 15 daga Farmville. Mahaifinta manomi ne. Mahaifiyarta tana aikin gwamnati a birnin Washinton, saboda haka ɗawainiyar ƙannenta huɗu ta faɗo a kanta tun tana ƙarama: ita ce girki, ita ce shirya su makaranta. Baffanta, Rabaran Vernon Johns, mutum ne mai kaifin harshe da zurfin ilmi, wanda ba ya shakkar kowa. Shi ne limamin majami'ar Dexter Avenue ta birnin Montgomery kafin Martin Luther King ya gaje shi. In ya zo gida yakan tsare yaran da tambayoyi a kan tarihin baƙar fata, ya tura su ga littattafansa. To, ka ga shirun Barbara shiru ne na mai sauraro da tunani. Tana kuma cikin 'yan muhawara da 'yan waƙar makaranta, abin da ya sa takan je waɗansu makarantu ta ga yadda nasu gine-ginen suke, ta dawo ta dubi rumfunan kwalta.

Wata safiya, garin shirya ƙannenta, motar makaranta ta tafi ta bar ta. Tana tsaye a bakin hanya tana neman wanda zai rage mata hanya sai ga motar 'ya'yan Turawa ta zo ta wuce, da wuraren zama a cikinta, kuma ta san sarai ta gaban makarantarsu za ta bi. Abin ya tsaya mata a rai. Cikin kakar 1950 ta kai kukanta wurin malamarsu ta kiɗa da waƙa, Inez Davenport, ta zayyana mata duk abin da ke damunta game da makarantar. Malamar ba ta ba ta haƙuri ba, ba ta kuma taya ta kuka ba. Tambaya ɗaya ta yi mata, cewa me ya hana ita ta yi wani abu a kai. Barbara ta tafi tana ganin kamar an sallame ta ne kawai, amma tambayar ta ƙi barinta ta yi barci.

Ba ta tashi washegari ta hau tebur tana ihu ba. Wata da watanni ta yi tana shiri a ɓoye. Ta fara tuntuɓar ɗaliban da sauran yara ke ganin girmansu, irin su Carrie Stokes da ɗan'uwanta John Stokes, waɗanda tagwaye ne, da John Watson. Kowa aka jawo sai an tabbata yana iya riƙe sirri. Suka riƙa haɗuwa a gefen filin wasa kamar masu hira. Har suna suka sa wa shirin, suka ara daga sunan shirin asirin da Amurka ta yi na ƙera bam ɗin nukiliya a lokacin yaƙin duniya na biyu, wato shirin Manhattan. Suka rubuta kwalaye suka ɓoye. Ko iyayensu ba su sani ba. Ita kanta Joan, da suke kwana gida ɗaya, ba ta ji ko ƙishin-ƙishin ba. Fitar da shugaban makaranta da suka yi kuwa dalili biyu ne: sun san in yana nan zai hana, sun kuma so a ce ba da saninsa aka yi ba, don kada hukuma ta huce a kansa.

ABIN DA YA FARU A ZAURE

Abu na farko da Barbara ta yi da ta tsaya a gaban taro shi ne ta roƙi malamai su fita. Waɗansu suka yi turus, sai ta cire takalminta ta buga a kan benci, ta nanata cewa su fita. Yawancinsu suka fita. Sa'an nan ta juyo ga 'yan uwanta.

Ba ta gaya musu wani abin da ba su sani ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma kowane yaro a zauren nan ya taɓa matsar da littafinsa daga inda ruwa ke ɗiga. Ta lissafa musu rumfuna da murhu da tsofaffin motoci, ta kwatanta da makarantar 'ya'yan Turawa da ke cikin garin nan nasu. Ta ce iyayensu sun yi roƙo shekara da shekaru ba a saurare su ba, yanzu saura su. Ta nemi su fita daga azuzuwa gaba ɗaya, kada wanda ya koma sai hukuma ta yi alkawarin sabon gini. Da maganar kamu ta taso, ta nuna musu cewa kurkukun garin ba zai ɗauke su duka ba, in dai sun tsaya tare.

Joan, wadda take 'yar shekara 13 a lokacin, ta ce da ta ga yayarta ce a kan dandamali sai tsoro ya kama ta, ta riƙa zamewa ƙasa a kujerarta don kada a gan ta, tana tunanin abin da zai biyo baya. Wannan ita ce ainihin siffar yawancin yaran da ke zauren. Amma da aka tashi fita, har da ita aka fita. Mista Jones ya dawo daga cikin gari ya tarar da taro, ya roƙe su su koma aji, suka ƙi cikin ladabi. Suka ɗauko kwalayensu suka yini a filin makaranta. Daga baya kuwa suka zauna a gida.

A nan ya kamata mu ɗan dakata, domin duk wanda ya taɓa zaman aji, ko yake da ɗa a makaranta, ya san irin shirun da nake nufi. Malami ya yi tambaya, yara arba'in su sunkuyar da kai, alhali kuwa rabinsu sun san amsa. Ko a yi wa aji duka rashin adalci, kowa ya haɗiye, sai an fita waje a yi ta gunaguni biyu-biyu. Yaro mai jin nauyin magana ba rashin abin faɗa ke damunsa ba. Abin da yake tsoro shi ne ya zama shi kaɗai idanu suka yi wa caa, ya buɗe baki ya waiga ya ga babu kowa a bayansa. Kowane ɗaya yana zaton shi kaɗai abin ya dama, ko kuwa shi kaɗai ne zai yi wautar faɗa.

In ka duba abin da Barbara ta yi, sai ka ga kamar ta san wannan ciwo ciki da waje, kuma ba mamaki, tun da ita ma mai shiru ce. Ta kawar da idon manya daga zauren, domin yaron da ba ya iya magana gaban malami yana iyawa gaban sa'ansa. Ta zo da mutanenta a bayanta, yadda tun kafin kowa ya yanke shawara ya riga ya ga ba mutum ɗaya ba ne. Ta ɗauki mafi nauyin aikin, wato tsayuwa a gaba da furta kalmar farko, wadda in an tashi hukunci ita za a fara nema. Abin da ta bar wa sauran kuwa ɗan kaɗan ne: ka miƙe lokacin da na kusa da kai ya miƙe, ka taka zuwa ƙofa. Ba ta ce kowa ya zo ya yi jawabi ba. Mai kunya yana iya tafiya cikin ayari ko da ba zai iya jan gaba ba, in kuwa ya yi tafiyar sau ɗaya ya ga bai mutu ba, gobe bakinsa ya fi saurin buɗewa.

Akwai kuma wani abu. Da mai surutun aji ne ya hau dandamalin, da an ce halinsa ne. Amma da aka ga yarinyar nan ce mai littafi a hannu, wadda ba a taɓa jin ta da kowa ba, sai kowa ya san lallai tura ta kai bango. Mu da aka raina da koya mana sunkuyar da kai gaban na gaba, mun san kunya ado ce, ba kuwa wanda zai so ɗansa ya zama marar ta ido. Sai dai sau da yawa mukan haɗa kunya da tsoro mu kira su da suna ɗaya. Yaran Moton ba su zagi malami ba, ba su fasa ko tagar aji ɗaya ba, shugabansu ma kare shi suka yi ƙoƙarin yi. Ladabinsu yana nan, tsoron ne kawai suka ajiye.

LAUYOYI SUN ZO SU CE A KOMA AJI

Jagororin yajin sun je sun ga babban jami'in ilmi na gundumar, ba su samo kome ba sai gargaɗi. Rabaran Griffin ya ba su shawara su nemi ƙungiyar NAACP mai fafutukar neman haƙƙin baƙar fata. Barbara da Carrie Stokes suka rubuta wasiƙa zuwa ofishin lauyoyin ƙungiyar a Richmond, babban birnin jihar, suna roƙon a zo a taimake su.

Lauyoyin nan biyu, Oliver Hill da Spottswood Robinson, aiki ya yi musu yawa, kuma ba su ga alamar za a ci nasara a ƙauye irin Prince Edward ba. Amma da yake wata shari'a za ta kai su yammacin jihar, sai suka ce za su ratse. Ranar Laraba 25 ga Afrilu suka tsaya a Farmville da niyyar su lallashi yaran su koma aji. Hill ya faɗa daga baya cewa da suka ga yadda yaran suka shirya, da irin ƙudurin da ke fuskokinsu, sai suka kasa karya musu gwiwa.

Sai dai sun gindaya sharaɗi mai nauyi. Ƙungiyar ta riga ta daina shigar da ƙarar neman a gyara makarantun baƙar fata su yi daidai da na Turawa. In za a je kotu, to za a je ne a nemi a rushe rabawar ɗungum, kuma sai iyaye sun sa hannu. Wannan ya wuce abin da yaran suka fito nema, su sabon gini kawai suke so. John Stokes ya ba da labarin cewa da suka kaɗa ƙuri'a a tsakaninsu, da ƙyar masu cewa a ci gaba suka yi rinjaye.

Daga nan aikin ya koma hannun sauran yaran, waɗanda ba su hau dandamali ba. Kowa sai ya koma gida ya fuskanci mahaifinsa, ya gaya masa dalilin da ya sa ya ƙi zuwa makaranta, ya kuma roƙe shi ya rubuta sunansa a takardar da za ta kai Turawan gunduma kotu. A ganina wannan ya fi fita daga aji wuya nesa ba kusa ba, domin a zaure kana cikin ɗaruruwa, a gida kuwa daga kai sai tsohonka. Yaran suka bi ƙauyuka gida-gida suna tattara sa hannu. Aka yi manyan tarurruka na iyaye, ɗaya a makaranta, ɗaya a majami'ar Rabaran Griffin. A taro na biyu wani dattijo, tsohon shugaban makaranta, ya miƙe ya yi kashedi cewa ana neman a wuce gona da iri. Barbara ta miƙe gaban iyayenta da kakanninta ta ba shi amsa, ta roƙi jama'a kada su bari kowa ya sa su ja da baya, ta ce su yara da iyayensu suka dogara. Taro ya goyi bayan yaran.

Ranar Litinin 7 ga Mayu, bayan mako biyu cur, ɗalibai suka koma aji. Ranar 23 ga Mayu, 1951, lauyoyi suka shigar da ƙara a madadin ɗalibai 117. Sunan da ya zo farko a jerin shi ne na Dorothy Davis, wata yarinya 'yar shekara 14 da ke ƙaramin aji, saboda haka da sunanta aka san shari'ar har yau a littattafan lauyoyi. Ba ita ta yi jawabi a zaure ba. Tana cikin waɗanda suka ji, suka miƙe, suka bi.

ABIN DA BABBA YA HANGO

Hausawa na cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba, kuma gaskiya ita ce tsoron da dattawan Prince Edward suka ji ba na banza ba ne. An ƙone gicciye a filin makarantar, wanda a kudancin Amurka kowa ya san alamar barazanar 'yan ƙungiyar Ku Klux Klan ce. Mista Jones, duk da dabarar da yaran suka yi don su tsame shi, hukuma ta raba shi da aikinsa. Shi ne kuwa ya auri malama Inez Davenport, wadda tambayarta ta tayar da zancen tun farko. Waɗansu iyayen da suka sa hannu sun gamu da matsi a wurin aiki da wurin neman bashi. Ita Barbara, iyayenta suka ji tsoron kada a hallaka ta, suka tura ta Montgomery wurin baffanta Vernon, a can ta ƙarasa sakandare. Bayan 'yan shekaru gidansu na Darlington Heights ya ƙone ƙurmus.

A kotun farko, cikin Maris 1952, alƙalai uku suka ƙi rushe dokar rabawa, amma suka umurci gunduma ta daidaita gine-gine. Nan da nan kuɗin da aka ce babu suka fito, aka gina wa baƙar fata sabuwar sakandare, da fatan maganar za ta mutu a nan. Lauyoyi suka ɗaukaka ƙara. Kotun Ƙoli ta haɗa ta da waɗansu ƙararraki huɗu daga Kansas, da Karolina ta Kudu, da Delaware, da birnin Washinton, aka kira su duka da sunan ta Kansas, wato shari'ar Brown. Thurgood Marshall ne ya jagoranci lauyoyin NAACP. Ranar 17 ga Mayu, 1954, alƙalai tara, a ƙarƙashin Babban Joji Earl Warren, suka yanke hukunci baki ɗaya cewa raba yara a makarantun gwamnati saboda launin fata ya saɓa wa tsarin mulki. A cikin ƙararrakin nan biyar, ta Farmville ce kaɗai ɗalibai suka tayar da kansu, kuma mafi yawan masu ƙara a shari'ar gaba ɗaya daga can suka fito.

Amma gundumar Prince Edward ba ta sauko ba. Da kotu ta matsa lallai sai an haɗa yara, sai mahukuntan gundumar suka ƙi ware ko sisin kwabo domin ilmi, suka rufe makarantun gwamnati kaf a 1959. Aka buɗe wa 'ya'yan Turawa makaranta mai zaman kanta. 'Ya'yan baƙar fata kimanin 1,700 suka rasa inda za su. Waɗansu aka tura su wurin dangi a wasu gundumomi da jihohi, waɗansu ƙungiyoyin addini suka nema musu masauki a gidajen mutanen da ba su taɓa gani ba, da yawa kuwa suka zauna a gida ko suka shiga gona. Shekara biyar ana cikin wannan hali, in ka ɗebe makarantun wucin gadi da aka buɗe a 1963 da taimakon gwamnatin Shugaba Kennedy. Sai a watan Mayu 1964 Kotun Ƙoli ta tilasta wa gundumar ta buɗe makarantunta, a wata shari'a mai ɗauke da sunan iyalin Rabaran Griffin. Akwai yaran da suka fara aji ɗaya suna da shekara goma ko fiye, akwai kuma waɗanda ba su sake komawa ba har abada. Ƙannen waɗanda suka yi yajin 1951 su ne suka biya wannan bashi, kuma duk mai ba da labarin jaruntakar Barbara ya tsallake su, bai ba da labarin duka ba.

Ita kuwa Barbara, bayan ta bar Farmville sai ta koma shirunta. Ta yi karatu a kwalejin Spelman da ke Atlanta, daga baya ta sami digiri a jami'ar Drexel. Ta auri Rabaran William Powell, suka haifi 'ya'ya biyar, ta yi shekaru sama da ashirin tana aikin kula da ɗakin karatu a makarantun birnin Filadelfiya. Ba ta shiga siyasa ba, ba ta yawon ba da lacca a kan abin da ta yi ba. Ta rasu a watan Satumba 1991 tana da shekara 56, a lokacin mutane ƙalilan ne a Amurka suka san sunanta.

Sai bayan rasuwarta aka fara tunawa. An mai da tsohuwar makarantar Moton gidan tarihi, zauren da ta yi jawabi yana nan ana kai 'yan makaranta su gani. A 2008 aka kafa mutum-mutuminta tare da na waɗansu 'yan gwagwarmaya a harabar majalisar jihar a Richmond, jihar kuma ta tsayar da 23 ga Afrilu ta zama ranar tunawa da ita. A watan Disamba 2020 Bajiniya ta janye mutum-mutumin Janar Robert E. Lee, kwamandan sojojin jihohin da suka yi yaƙi don riƙe bauta, daga ginin majalisar dokokin Amurka a Washinton, aka zaɓi Barbara Johns ta maye gurbinsa. An buɗe nata a watan Disamba 2025, an siffanta ta tana 'yar shekara 16, ta ɗaga littafi sama.

Su kuwa yaran da aka rufe wa makarantu, a 2004 majalisar jihar ta kafa asusun ba da tallafin karatu domin duk wanda abin ya shafa. Waɗansu daga cikinsu suka karɓa suka koma aji, suna da furfura da jikoki.